Sharhi kan wani asibitin zuciya a Garwa, inda aka auna abin da hoton Duwala bai nuna ba

Shekara uku mahaifiyata ta yi tana fama da ciwon ƙirji kafin mu taka ƙofar asibitin da zan yi sharhi a kansa. Asibitin kuɗi ne madaidaici a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, yana da likitar zuciya guda ɗaya, mace, da ma'aikata waɗanda ba su kai goma ba, kuma daga watan Maris zuwa yau mun je shi sau bakwai, abin da nake ganin ya ba ni damar faɗin ra'ayina ba tare da gaggawa ba. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin bayanina akwai yabo akwai kuma ƙorafi, ga shi kuwa ma'aikatan ba su da bakin kare kansu a nan. Zan faɗi irin aikin da aka yi mana da dalilin yin sa, ta yadda mai karatu zai san abin da zai tambaya a duk asibitin da ya kai mahaifiyarsa ko matarsa.

Inna tana da shekara 58, kuma tun ina yaro sana'arta ita ce matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a gidanmu da ke unguwar Yalwa. Wanda ya san wannan sana'a ya san aikin ƙarfi ce: a soya gyaɗa, a murje, a kai niƙa, sannan a duƙa a kan turmi ana juyawa ana matsa har mai ya rabu da tunkuza. A bakin wannan aikin ciwon ya fara kama ta. Takan ce ji take kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji, nauyin ya hau wuya da muƙamuƙi, ya zarce tsakanin kafaɗu, sannan haki ya biyo baya da wata irin kasala da kan hana ta tsinana komai har yamma. Wani lokaci yakan zo tana hanyar kasuwa, wani lokaci kuma tana zaune a kan abin salla bayan an ɓata mata rai, kuma ba ya saurin saki ko ta huta, yakan ɗauki minti 20 ko fiye. A wurare biyu aka ce mata olsa ce, ta sha maganin olsa har ta gaji. A wuri na uku aka ce damuwa ce, aka ba ta ƙwayar barci. Matan unguwa kuwa tun da wuri suka yanke nasu hukuncin, cewa hannu aka sa mata saboda kasuwarta ta buɗe.

Bara da kaka ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka kai ta Duwala, da mota zuwa Ngaundare, da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan da wata motar. A can aka yi mata koronarogarafi, wato aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu har bakin jijiyoyin zuciya, aka fesa wani ruwa mai fitowa a hoto domin a ga ko akwai inda ya toshe. Ba a ga toshewa ko ɗaya ba. Likitan ya yi murmushi ya ce, "Mama, jijiyoyinki sun fi nawa kyau, ki koma gida ki kwantar da hankalinki." Muka dawo da murna, har Inna ta yi sadakar masa ranar Juma'a. Ba a cika sati biyu ba ciwon ya dawo yadda yake, sai dai yanzu takardar Duwala ta zama shaida a kanta, domin duk lokacin da ta dafe ƙirji sai wani a cikin dangi ya tuna mata cewa babban asibiti ya ce lafiyarta ƙalau. Daga nan ta daina faɗa wa kowa, sai dai in gan ta ta jingina da bango tana jiran abin ya wuce.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ba mu shawarar wannan asibiti. Ranar farko ba ta burge ni ba. An ba mu lokaci ƙarfe 8 na safe, ba mu shiga wurin likita ba sai bayan azahar, a ɗakin jira mai benci huɗu da fanka biyu, a watan da zafin Garwa ya fara haura maki 40. Mun biya sefa 10,000 kuɗin ganin likita, da 5,000 na awon bugun zuciya, da 25,000 na eko, wato hoton zuciya irin wanda ake yi wa masu juna biyu a ga jariri, kuma an ba mu rasiɗin kowanne ba tare da mun tambaya ba. Sai da muka shiga na gane abin da ke jawo jinkirin: likitar ba ta sallamar mara lafiya a minti biyar. Ta zauna da Inna kusan minti 40. Da na fara yi mata bayani da Faransanci sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka bari Hajja ta faɗa da bakinta," sannan ta juya ga Inna da Fulatanci tana haɗawa da Hausarta mai ɗan gargada.

Tambayoyinta ne suka fara nuna mini cewa wannan wuri daban yake. Ba wanda ya taɓa tambayar Inna labarin haihuwa a kan ciwon ƙirji, amma ita ta nan ta fara, kuma da ta lura Inna tana jin nauyina sai ta ce in jira a waje. Daga baya na sami labarin cewa a cikin haihuwa tara da Inna ta yi, sau biyu jininta ya hau ƙafafunta suka kumbura, kuma a cikin autanmu har jijjiga ta yi dab da haihuwa, abin da ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata. Ta tambaye ta shekarar da al'ada ta ɗauke mata, wato tana da 49, da ko tana da ciwon sukari, da ko akwai wanda ya mutu farat ɗaya a danginta. Ta tambayi wankan jego da kunun kanwa ma, domin tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana wata gazawar zuciya da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa a Zariya, suka kuma danganta ta da waɗannan al'adu. Amma eko ya nuna tsokar zuciyar Inna tana matsawa yadda ya kamata, saboda haka ta rufe wannan babin nan take.

Da aka kira ni na dawo, sai na tarar ta shimfiɗa takardar Duwala a kan tebur. Ta ce, "Hajja, kun san aikin ruwa na Lagdo?" Inna ta ce ta sani, akwai 'yan uwanta da ke noman shinkafa a can. Likitar ta ce, "To, babbar magudana tana tasowa daga madatsa, amma shinkafa ba daga ita take sha ba, daga ƙananan hanyoyin da ke shiga kowane fangali take sha. Waɗanda suka duba ku a Duwala babbar magudana suka duba, kuma gaskiya suka faɗa, ba ta toshe ba. Ni ƙananan nake zargi, kuma akwai yadda za mu auna su." Inna ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "'Yata, ashe dai ba ƙarya nake yi ba." Likitar ta ce ba ta tabbatar da komai ba tukuna, amma abin da ta ji ya isa a bincika.

Da yake ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, na koma gida na bi diddigin maganarta, kuma na tarar ba ta yi ƙari ba. Manyan jijiyoyi uku ne ke kwance a saman zuciya, kaurinsu 'yan milimitoci, kuma su ne koronarogarafi ke nunawa. Daga gare su rassa ke nutsewa cikin tsokar zuciya suna ƙara sirancewa, har su gaza rabin milimita, inda hoton ya daina ganinsu, har su kai sirantakar gashin kai ko ƙasa da haka. Waɗannan ƙananan su ne ke riƙe da makullin jini, domin kowannensu yana da zoben tsoka da ke tsukewa ko ya saki gwargwadon bukata. Zuciya kuwa, ko mutum yana kwance, tana zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya ratsa ta, saboda haka idan aiki ya ƙaru ba ta da wata hanyar samun ƙarin iska sai dai jinin kansa ya ƙaru. A jikin lafiyayyen mutum ƙananan jijiyoyin kan buɗe har gudun jini ya ninka sau uku ko huɗu. Wannan ninkin shi ne zan kira rarar gudun jini, kuma idan ya gaza biyu likitoci kan ce ƙananan jijiyoyin ba sa aikinsu. Zuciya sai ta ji yunwar iska a bakin aiki, ta yi ciwo irin na mai toshewa, alhali hoto yana nuna hanya a buɗe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bambancin mace da namiji a wannan wuri, domin shi ne tushen duk tambayoyin da likitar ta yi. Zuciyar mace ta fi ta namiji ƙanƙanta, jijiyoyinta sun fi siranta ko an yi la'akari da girman jiki, kuma takan fi saurin bugawa. A shekarar 2015 masu bincike na jami'ar Stanford a Amurka suka auna maza da mata masu ciwon ƙirji marasa toshewa, suka tarar rarar gudun jinin matan ta fi ta mazan ƙanƙanta, amma dalilin ba wai ƙananan jijiyoyin matan sun fi taurin buɗewa ba ne. Jininsu ne ya fi gudu tun suna hutawa. Wato mace takan fara daga sama, saboda haka tazarar da ta rage mata zuwa ƙololuwa ba ta kai ta namiji ba, kamar mai sayayya da ya riga ya taɓa guzurinsa tun kafin ya isa kasuwa. Akwai kuma batun istirojin, sinadarin da jikin mace ke samarwa, wanda ke raguwa sosai bayan ɗaukewar al'ada. Cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya, wadda Robert Furchgott ya nuna a 1980 cewa ita ce ke umartar tsokar jijiya ta saki, daga baya aka gano saƙon da take aikawa iskar naitirik oksaid ce, binciken da ya sa shi da Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami kyautar Nobel a 1998. Istirojin yana ƙara wa shimfiɗar nan ƙarfin samar da wannan iska. A 1996 aka gwada hakan a jami'ar Vermont da jijiyoyin zuciyar ɓeraye: na mata ba su tsuke kamar na maza ba idan aka matsa musu lamba, da aka cire wa matan gurbin ƙwan haihuwa, inda ake samar da istirojin, sai nasu suka koma tsukewa irin na maza, da aka mayar musu da istirojin kuma suka dawo yadda suke. Ɓera ba mutum ba ne, amma wannan ya yi daidai da abin da ake gani a asibiti, cewa ciwon yakan yawaita ne bayan ɗaukewar al'ada. Hawan jini na lokacin ciki da jijjiga kuwa alama ce cewa shimfiɗar ta taɓa samun matsala, kuma matan da suka yi su sun fi fuskantar ciwon zuciya a gaba.

Ba mu kaɗai aka taɓa cewa "babu komai" ba. A 1973 likita Harvey Kemp ya ba wannan yanayi suna da harafin X, irin wanda ɗalibaina ke sa wa abin da ba a sani ba a lissafi, sai a 1988 Richard Cannon da Stephen Epstein suka danganta shi da ƙananan jijiyoyi. A 1991 Bernadine Healy, mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar Amurka, ta rubuta cewa ba a kula da ciwon zuciyar mace yadda ya kamata sai ta nuna shi a irin siffar da yake zuwa wa namiji. Binciken WISE da aka fara a 1996 ƙarƙashin jagorancin Noel Bairey Merz ya tarar fiye da rabin matan da aka yi wa hoton jijiyoyi saboda ciwon ƙirji ba su da toshewa, cewa kusan rabin waɗanda aka auna ƙananan jijiyoyinsu a cikinsu suna da matsala, kuma da aka bi su shekaru sai aka ga ba su tsira daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da yawan kwanciya asibiti ba kamar yadda ake zato.

Likitar ba ta yi gaggawar awon rarar gudun jinin ba, kuma wannan ma na lissafa shi cikin yabonta. Gwajin jini ya nuna Inna tana da ƙarancin jini, abin da ya zama ruwan dare ga matan yankinmu, ta ce ƙarancin jini da kansa yana sa jinin zuciya gudu a lokacin hutu, saboda haka idan ta auna yanzu lissafin zai ruɗe ta. Ta rubuta maganin ƙarin jini da na hawan jini, ta ce mu dawo bayan sati takwas. Asibitin da kuɗi kawai yake nema da ya karɓi sefa 60,000 na awon a ranar.

A nan ne kuma babban ƙorafina yake. Ranar da aka sa mana, a watan Mayu, mun iso da sassafe, Inna ba ta karya ba kamar yadda aka ce. Takardar shiri da mai karɓar baƙi ta ba mu da Faransanci take, ta hana kofi da shayi da cakulan na awa 24, kuma duk mun kiyaye. Muna zaune a benci, da jira ya yi tsawo, Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro ɓarin goro fari ta jefa a baki, kamar yadda take yi kullum idan yunwa ta taso mata, ni kuma ina kallonta ban kawo komai a raina ba. Da muka shiga likitar ta ga jan goro a haƙoranta, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce yau ba za a yi ba. Maganin da ake sa wa mutum a wannan awo yana aiki ne ta hanyar wani sinadari na jiki mai suna adinosin, wanda ke buɗe ƙananan jijiyoyi, shi kuwa sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi yana toshe ƙofar da adinosin ke shiga, kuma goro cike yake da kafeyin. Da an yi awon a haka da jijiyoyin ba su buɗe ba, da an ce ciwon ya fi yadda yake tsanani. Likitar ta yi daidai da ta fasa, ni ma da nake koyar da kimiyya ya kamata in tuna, amma takardar da aka kwafo daga Turai aka miƙa wa tsohuwar Bahaushiya a Garwa ba tare da an sa goro a ciki ba, wannan sakaci ne na asibitin. Ba su sake karɓar kuɗi ba, sai dai mun yi asarar yini da kuɗin babur, Inna kuma ta koma gida da yunwa da jin kunya kamar ita ta yi laifi.

Bayan kwana huɗu aka yi awon. An ba Inna ɗaki mai labule ta sauya kaya, ma'aikatan da suka taɓa jikinta duk mata ne, an kuma lulluɓe ta da zane ba a buɗe sai inda za a ɗora kan na'ura, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga matanmu, domin na san waɗanda suka fasa gwaji saboda wannan kaɗai. An sake tambayarta ko tana da asma, domin maganin yana iya tsuke numfashin mai ita. Na lura akwai tukunyar oksijin da na'urar farfaɗo da zuciya a gefen gado. Ta kwanta a ɓarin hagu, likitar ta daɗe tana lalube da kan eko a ƙarƙashin nono har ta kama jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya, wadda ta fito a allo kamar jan zare yana walƙiya yana ɓacewa. Ta auna gudun jini a hutu, santimita 31 a daƙiƙa. Sannan aka sa maganin awon, dipiridamol, ta jijiyar hannu a hankali cikin minti shida. Fuskar Inna ta yi zafi, ta ce kanta yana sarawa, can kuma ta dafe ƙirji ta ce, "Ga shi nan, shi ne wannan." Ana cikin haka wuta ta ɗauke, amma na'urar tana kan batir ba ta mutu ba, kafin minti ɗaya kuma janareta ya tashi. Gudun ya hau zuwa 56 ya tsaya. Aka yi mata allurar aminofilin mai karya maganin, cikin 'yan mintoci nauyin ya sauka.

Idan aka raba 56 da 31 ana samun 1.8, ƙasa da biyu ke nan. Likitar ta bayyana cewa wannan adadi shi kaɗai ba ya nuna inda matsala take, domin toshewar babbar jijiya ma tana iya ba da shi, amma tunda hoton Duwala ya riga ya wanke manyan, zargi ya tsaya a kan ƙananan. Ashe kuɗin da muka kashe a Duwala bai tafi a banza ba, rabin amsa muka sayo. Ta kuma faɗi iyakar awonta ba tare da mun tambaya ba: jijiya ɗaya kawai yake gani, kuma ba ya gano wani nau'in ciwon da jijiya kan murɗe ta tsuke farat ɗaya, wanda sai an fesa wani sinadari mai suna asitilkolin a cikin jijiyar zuciya ta bututu ake tabbatar da shi, ita kuwa ba ta da ɗakin yin hakan.

Na tambaye ta ko wannan ciwon mata ne kawai, domin Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta yi dariya ta ce kada in saki jiki. Na duba na ga tana da hujja: wani bincike da aka buga a 2014 daga Boston, a kan maza 405 da mata 813 masu alamun ciwon zuciya, ya sami ƙarancin rarar gudun jini a kashi 51 cikin 100 na mazan da kashi 54 na matan, kuma haɗarinsa bai bar kowane jinsi ba. Bambancin shi ne namiji yakan haɗa shi da toshewar babbar jijiya, wadda hoto ke kamawa a ba shi magani, mace kuwa sau da yawa ƙananan ne kaɗai, ko kuma kitsen ya shimfiɗu a jikin bangon jijiya bai taru wuri ɗaya ba, sai a sallame ta hannu rabbana.

Maganin da ta ɗora Inna a kai ba baƙo ba ne, kuma duk ana samunsa a kantunan magani na Garwa: bisoprolol mai rage saurin bugun zuciya, domin tsokar zuciya ta fi samun jini a tsakanin bugu da bugu, da maganin hawan jini, da na rage kitsen jini. Ta ba ta feshin ƙarƙashin harshe na lokacin da ciwon ya taso, amma ta gargaɗe ta cewa a wannan nau'in ciwo ba kullum yake aiki ba. Da na kawo maganar mayar da istirojin, tunda rashinsa na cikin dalilai, sai ta ƙi, ta tuna mini cewa a 2002 aka dakatar da wani babban gwaji na mata fiye da 16,000 a Amurka saboda ƙwayoyin ba su kare zuciya ba, sun ma ƙara wasu haɗurra. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba. Gwajin CorMicA na birnin Glasgow a 2018, mai mutum 151 galibinsu mata, ya nuna cewa auna ƙananan jijiyoyi da zaɓen magani bisa sakamakon yana rage ciwo ya kyautata rayuwa, kuma iya abin da ta ce mu sa rai da shi ke nan. Ta ce a rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya, a riƙa tafiyar minti 30 bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, kuma ba ta hana Inna sana'arta ba, sai dai ta ce a samo mai taya ta matsar mai. Yau wata uku ke nan, ciwon da ke zuwa kusan kullum ya koma sau ɗaya ko biyu a sati, kuma ba ya daɗewa kamar da. Bai tafi ba. Kuɗin magani kuwa yana cin kusan sefa 18,000 a wata, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga duk mai sayar da ƙuli-ƙuli da ba ta da 'ya'ya masu albashi.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ƙanana ne amma suna taruwa. Likita ɗaya ce, ranar da ta yi tafiya Yawunde taro asibitin ya zama kamar kango, kuma ba wanda ya kira mu ya sanar da mu, sai da muka je muka tarar. Lokacin da ake bayarwa suna ne kawai, duk wanda zai je ya ɗauki ruwa da abin salla ya sallama yininsa. Ba a manna farashi a bango ba, sai mutum ya tambaya ɗaya bayan ɗaya. Banɗaki kuwa tsaf yake duk lokacin da na leƙa, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga wa Inna murya, har mai gadi yakan taso ya karɓi ledarta.

Wanda ciwon ƙirji ya kama farat ɗaya da gumi da amai, ko ya wuce minti 20 bai saki ba kuma ya fi na kullum tsanani, kada ya zo ya zauna a wannan benci. Sashen gaggawa na babban asibiti ne wurinsa, kuma ita kanta likitar haka ta gaya wa Inna, ta ce sanin sunan ciwonta ba ya nufin wani sabo ba zai iya zuwa ba. Amma macen da ta haura 45, wadda aka yi wa gwaje-gwaje aka ce ba a ga komai ba alhali ciwon yana nan, musamman mai hawan jini ko sukari ko wadda ta taɓa jijjiga a ciki, ina ba da shawarar a kai ta nan ko wani wuri mai irin wannan awo, a tafi da duk tsofaffin takardu, kuma a bar ta ta yi bayani da bakinta. A zuwanmu na ƙarshe na ga an gyara takardar shirin awon, an ɗauki biro an ƙara goro a ƙarƙashin cakulan. Har yanzu dai da Faransanci take, Inna kuwa ajami kaɗai take karantawa, saboda haka na roƙi mai karɓar baƙi ta riƙa faɗa wa tsofaffi da baki, ta ce za ta gaya wa likita. Ranar 12 ga watan gobe za mu koma a sake duba jinin Inna a ga ko za a ƙara mata bisoprolol.